Sharhi: Hoton jijiyoyin zuciya da batun shekaru da jinsi

Jama'a masu saurare, sharhinmu na yau kan wani gwaji ne da likitocin zuciya ke yawan aika mutane yi, wato hoton CT, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, mai auna yawan sinadarin kalsiyam da ya taru a bangon jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini. Wani likita a Amurka, Arthur Agatston, shi da abokan aikinsa ne suka tsara lissafin makin da ake ba mutum gwargwadon yawan kalsiyam ɗin a 1990. Idan makin ya fito sifili, ba a ga kalsiyam ba. Daga 100 zuwa sama likita kan shawarci mutum ya fara shan maganin rage kitsen jini, daga 300 kuwa haɗari ya yi yawa.

To, sai dai wannan lamba ba ta faɗin magana ɗaya ga kowa.

Kalsiyam kamar furfura yake, sai da daɗewa yake bayyana. Kitsen da ke taruwa a jijiya da laushi yake farawa, sai bayan shekaru kalsiyam ya taru a cikinsa, ya daskare har na'ura ta gan shi. Shi kuwa mai laushin yana iya fashewa, jini ya dunƙule, jijiya ta toshe. Wani bincike da aka yi a Denmak kan marasa lafiya sama da 23,000 masu alamun ciwon zuciya ya nuna haka ƙarara. Cikin 'yan ƙasa da shekara 40 da aka samu jijiyarsu ta tsuke, fiye da rabi makinsu sifili ne. A 'yan 70 zuwa sama kuwa, kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal. Ashe sifilin da zai kwantar wa dattijo da hankali bai isa a sallami matashi mai ciwon ƙirji ba. Haka kuma maki 50 a jikin ɗan shekara 75 ba abin mamaki ba ne, amma a jikin ɗan 40 gargaɗi ne babba.

Batun mata shi ya fi damuna. A yawancin mata kalsiyam kan makara da kimanin shekara 10 idan aka kwatanta da maza, sai bayan ɗaukewar al'ada yake ƙaruwa da sauri. Saboda haka mace mai shekara 50 da aka samu da maki ko da kaɗan ne, ta riga ta wuce yawancin sa'o'inta, kuma bincike ya nuna in maki ya yi yawa, haɗarin mutuwa daga ciwon zuciya kan ninku a mace fiye da yadda yake ninkuwa a namiji. Ga kuma matan da ke fama da ciwon ƙirji da haki, a ɗauki hoto a ga manyan jijiyoyi a buɗe, a ce musu gajiya ce ko damuwa, alhali cutar tana cikin ƙananan jijiyoyin da hoton ba ya kamawa. Wannan sallama ba adalci ba ce.

Saboda bambancin shekaru da jinsi ne wani bincike mai suna MESA, wanda ya fara bibiyar mutum 6,814 a Amurka a shekarar 2000, ya samar da ma'aunin da ke gwada makin mutum da na sa'o'insa 'yan jinsinsa. Ƙa'idar likitocin zuciya na Amurka ta 2018 ma ta ce sifili ba ya wanke mai shan taba, ko mai ciwon sukari, ko wanda ciwon zuciya ya kama danginsa da ƙuruciya.

Duk wanda aka miƙa wa wannan sakamako, ya tambayi likita inda makinsa ya faɗa a tsakanin sa'o'insa. In kuwa ƙirjin na ci gaba da ciwo, a koma asibiti a nemi ƙarin gwaji, ko da takarda ta ce sifili.