Tsoron Hawa Sikeli: Laccar da Wata Ma'aikaciyar Jinya Ta Yi wa Mata a Bauchi

Assalamu alaikum. Na can baya, kuna ji na? To madalla. Abubuwa uku na zo da su kan sikelin asibiti, wanda wasunku ke gudu kamar sun hango mai bin su bashi.

Na farko, kunya. Mace ta zo awo, ko ta zo a duba mata hawan jini, an ce ta hau sikeli. Sai ta cire takalmi, ta miƙa wa 'yarta jaka, ta riƙe numfashi. Hajiya, numfashi ba shi da nauyi! (Dariya.) Amma ban ga laifinku ba. Sikeli a bakin ƙofa, layi ya cika, ma'aikaciya ta ɗaga murya, "Casa'in da biyu! Hajiya, a rage cin masa." A garin Bauchi a ce a rage masa? Wannan tonon silili ne. Kina da damar cewa, "'Yar'uwa, rubuta a kati kawai, kar ki faɗa."

Na biyu, kuma nan nake so ku buɗe kunne: da nauyi ake auna magani. Ku ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake sha safe da yamma har kwana uku, irin su Coartem. Yaro mai kilo 5 zuwa 14, ƙwaya ɗaya a kowane sha. Kilo 15 zuwa 24, biyu. Kilo 25 zuwa 34, uku. Daga 35, huɗu. Kilo nake ta faɗa, kun ji na ce shekara? To amma sai uwa ta je kemis, a tambaye ta shekarun yaro, ta ce huɗu, a ɓallo mata. Yara biyu 'yan shekara huɗu, ɗaya ɓulɓul, ɗaya siriri, ta yaya za su sha daidai? In an ba shi ƙasa da ƙima, zazzaɓi ya lafa ya dawo, ki ce maganin jabu ne. Farasitamol ma haka, wajen miligiram 15 ne a kowane kilo na yaro, kuma in ya yi yawa hanta yake taɓawa. Hanta fa! Mai goyon can, ki ba shi nono, kukansa bai dame mu ba. Ina cewa, da kilo ake aunawa. Ke babba ma, ranar da za a yi miki tiyata, mai allurar barci lambar nan zai duba. In kin ce kilo 70 alhali kin kai 90, wa kika cuta?

Na huɗu... au, na uku ko? Lokaci ya tafi. Lambar yau kaɗai ba ta cika damunmu ba, don tsakanin safe da dare ma nauyi kan canza da kilo ɗaya ko biyu. Muna gwada ta ne da ta watannin baya. Rama ba dalili, ga tari ko yawan fitsari da ƙishirwa, sai mu nemi tarin fuka ko ciwon suga. Mai ciki ta ƙaru farat ɗaya, fuska da hannu sun kumbura, sai mu duba jininta da fitsari tun kafin jijjiga. Akwai kuma lissafin BMI, nauyi da tsawo, daga 30 ake kiransa ƙiba mai yawa, wannan sai wani zaman.

Tambaya? Bismillah, ƙanwata.

(Wata matashiya: Anti, ni rama ce ke sa ni jin kunyar sikelin. Ƙawata ta ba ni sha-ka-fashe, na fara cikowa.)

Subhanallahi. Tun yaushe? Wata biyu? To ku saurara duka, don na san ba ita kaɗai ba ce a ɗakin nan, musamman masu shirin aure. Sau da yawa abin da ke ciki dexamethasone ne, maganin wasu cututtuka ne daban. Fuska ta yi fam, ciki ya fito, ƙafafu kuwa su sirance. Yana tayar da suga, yana tayar da hawan jini, yana cin ƙarfin ƙashi. Kuma kar ki yar da shi yau yau, wanda ya daɗe yana sha a hankali likita ke janye masa, in an tsayar kwatsam jiki na iya rikicewa. In an tashi ki same ni da kwalin, gobe mu je a auna sugarki.