Sharhi: Mashigar Saint-Louis da kwale-kwalen da ba su da inshora

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau zai kai mu birnin Saint-Louis a arewacin Senegal, inda Kogin Senegal ke zuba a Tekun Atilantika.

A watan Oktoban 2003 ambaliya ta tasar wa birnin, sai hukumomi suka yanka wata ƴar hanya mai faɗin mita 4 kacal a siririn tudun yashin Langue de Barbarie, don ruwan kogi ya samu mafita. Birni dai ya tsira. Amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin teku ta yi ta cin yashin har hanyar ta kai faɗin kilomitoci, ta kuma haɗiye ƙauyen Doun Baba Dièye. Ta wannan mashiga masuntan unguwar Guet Ndar ke fita da shigowa, kuma ɗaruruwansu sun rasa rayukansu a wurin.

Me ke kifar da su? Yashin da ruwa ke tarawa a bakin kogi, shi ke rage zurfi. Idan ruwa na janyewa, kogi na turowa waje, igiyar teku na turowa ciki, sai su yi karo a kan tudun, igiya ta miƙe tsaye kamar bango. Kwale-kwalen da ya dawo maƙil da kifi, injinsa ya ɗan yi tari, ya ba igiya haƙarƙari, shi ke nan. Gashi kuma yashin ba ya zama wuri guda. Hanyar da aka bi lafiya jiya, yau ita ce tarko.

To ina batun inshora? Galibin ƙananan masunta a Afirka ta Yamma ba su da ita. Kamfani kafin ya karɓi kuɗinka, sai ya tambayi rajistar jirgi, da yawan mutanen da yake ɗauka, da rigunan hana nutsewa, sannan ya auna haɗarin hanya. Ko a ƙasashen da inshorar jiragen ruwa ta kafu, wanda ya keta gargaɗin yanayi ya kutsa mashiga, da wuya a biya shi ba tare da ja-in-ja ba.

Shi ya sa, a ganinmu, kira ga masunta su yanki inshora bai isa ba. Kamata ya yi hukuma ta fara yashe mashigar a kai a kai, ta sa alamomin da ake matsarwa duk lokacin da yashi ya gusa, ta girke jirgin ceto kusa. Sai haɗari ya ragu kuɗin inshora zai sauko inda masunci zai iya biya. Kafin nan, idan kwale-kwale ya kife, inji da koma da bashin da aka saye su da shi, duk a wuyan iyalin da aka bari suke.