Kada mu fito daga ɗakin likita da "to" kawai

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa, barkanmu da haɗuwa.

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan tsaya kan abu ɗaya: halinmu a gaban likita. Yana bayani muna gyaɗa kai, muna "to, to". Sai mun fito da magani a hannu mu dubi juna, wai me ya ce? Wani kunya ce ta rufe masa baki, wani harshen ne bai zauna masa ba, wani kuma gani yake tambaya raini ce.

A shekarar 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu fama da cututtukan da ke daɗewa ne kawai ke shan magani yadda aka rubuta musu.

Ku ɗauki hawan jini. Sau da yawa ba ya nuna alama. Mutum ya sha ƙwaya wata biyu, ya ji garau, ya ajiye, domin babu wanda ya fahimtar da shi cewa maganin riƙe jinin yake yi, ba warkarwa ba. Ana nan sai ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta tsaya. Wankin ƙoda kuwa galibi sau 3 ne a mako, kusan awa 4 kowane zama. Ko inshora ce ke biya, ko gwamnati, ko aljihu, kuɗin ya ninka na ƙwayar nan nesa ba kusa ba, ban ma lissafa aikin da ya tsaya da wahalar iyali ba. Haka mai ciwon suga: da an koya masa duba tafin ƙafarsa kullum, ɗan gyambon da ke kai ga yanke ƙafa da wuri za a gan shi.

Roƙona, kafin ku tashi daga kujerar nan, ku tambayi likita: mene ne ke damuna, me zan yi, me zai faru idan na bari? Sannan ku maimaita masa amsar da bakinku, ya gyara inda kuka kuskure. Wanda harshen ke ba wuya ya nemi tafinta daga asibitin. Iyaye mata, don Allah a daina sa yara fassara. Akwai maganar da uwa ba za ta faɗa a gaban ɗanta ba, sai ta haɗiye, likita kuma bai ji ba.

Na gode. Wassalamu alaikum.