Amsoshin Tambayoyinku: Daga ina sukari ke fitowa idan ana azumi?

Jama'a masu sauraro, wasiƙa ta gaba daga wata ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, mazauniyar Mabera. Ta ce: "Malam, daga sahur har magariba ba abin da ke shiga ciki, ga ranar Sakkwato, amma ƙarfinmu bai ƙarewa. An ce mana a aji fosfet ne ke tayar da enzayim ɗin da ke fito da sukari. Yaya abin yake?"

Madalla da tambaya, 'yata. Jiki yana da rumbu. Rarar sukarin da kika ci yakan ɗaure shi ya zama gilaikojin, ya adana kimanin giram 100 a hanta, kusan 400 a tsoka. Mai buɗe rumbun shi ne wani enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta aiki a cikin jiki, da ake kira fosforiles, wanda Carl Cori da matarsa Gerty suka yi bincike a kansa, har suka samu kyautar Nobel a 1947.

To, fosforiles ba kullum yake aiki ba. Da hantsi ya yi, sukarin jini ya fara sauka, sai fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ta saki sinadarin gulukagon. Shi ya isa hanta, ya tayar da wani enzayim, wannan ya tayar da na gaba, na gaban ya ɗauko fosfet, wani ɗan mitsitsin sinadari, guda ɗaya tak ya liƙa wa fosforiles. Nan take siffarsa ta sauya, ya shiga gutsuro sukari ɗaya bayan ɗaya. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano haka a Amurka wajen 1955, aka ba su Nobel a 1992.

Ga inda abin ya fi burge ni. Wannan liƙa fosfet ɗin da ke tayar da mai kwasa, shi ne kuma ke kwantar da enzayim mai zubawa, wato mai ƙera gilaikojin. Saƙo ɗaya, aiki biyu, don kada jiki ya riƙa tarawa yana kwashewa lokaci guda ya yi asarar ƙarfi a banza. Da kin yi buɗa-baki da dabino da kunu, insulin ya fito, ya sa a ɓamɓare fosfet ɗin, kwasa ta tsaya, ajiya ta dawo.

Tsoka fa ba ta ba jini nata sukarin, don ba ta da enzayim ɗin da ke sakin sa waje. Kanta take ciyarwa, musamman idan adirenalin ya taso saboda gudu ko firgita. Hanta ce ke riƙe da ƙwaƙwalwa, kuma ajiyarta takan kusa ƙarewa bayan yini da kwana ba abinci, shi ya sa nake jaddada yin sahur.

Masu ciwon sukari kuwa, wannan tsari ya samu tangarɗa a jikinku. Don Allah a ga likita tun kafin watan ya kama, a daidaita magani.