Hita ta mutu, jini ya yi ƙasa, aljihu kuma sai a hankali

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ku yi haƙuri da muryar nan, ba mura ba ce, sanyi ne ya kwana a ƙirjina. Ƙarfe bakwai ke nan a Manchesta ta Ingila, amma bari in ɗage labule ku gani, duhu ne kamar tsakar dare. Haka Disamba take a garin nan. Rana ba ta leƙowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin huɗu na yamma kuma ta faɗi, in ma ta fito ke nan. Mutum ya idar da La'asar, kafin ya naɗe darduma Magariba ta kawo kai.

Kun gan ni cikin rigar sanyi biyu da safa biyu a cikin ɗaki. Ba gayu ba ne. Tun shekaranjiya injin da ke ɗumama gidan ya tsaya cak, babu ruwan zafi, hita kuma in ka taɓa ta kamar ka taɓa ƙanƙara. Na tura wa mai gidan saƙo har sau uku. Amsa ɗaya ce: za a turo mai gyara. Yaushe? Oho.

Amma kafin in ɗora wa bawan Allah laifi duka, bari in tona wa kaina asiri. Tun kafin injin ya lalace ni ma ba kunnawa nake yi ba. Tun da aka mayar da agogo baya a ƙarshen Oktoba, kamar yadda ake yi a nan duk shekara, na ɗaura yaƙi da mitar wuta. In zauna ina kallon lambobin suna sauka gabana yana faɗuwa, sai in tashi in kashe hita in ja bargo. Taga kuwa ban yarda a buɗe ta ba ko na minti ɗaya, wai kada ɗan ɗumin da ya rage ya gudu. Wanki ma a cikin ɗaki nake shanyawa. To ku zo ku ga abin da dabarata ta haifa. Kun ga baƙin nan a bayan durowa? Funfuna ce. Numfashinka da tururin girki da jiƙaƙƙun kaya duk ruwa suke saki cikin iska, idan ya tarar da bango mai sanyi sai ya kwanta a kai, daga nan funfuna ta sami gida. Ni kuma mai asma ce tun ina yarinya. Garin neman gira saura ƙiris in rasa ido.

Ƙarfe takwas daidai yanzu, ku saurara. A nan idan kana son ganin likitan unguwa a ranar, sai ka riƙe waya kamar mai jiran a buɗe ƙofar rabo. Minti biyu ka makara, an wuce ka. Ga ta nan, murya tana ce mini ni ce ta goma sha huɗu a layi. To madalla. Bari in ajiye wayar a kan tebur ta yi ta kiɗanta, ni kuma in ba ku labarin abin da ya kai ni gwajin jini makon jiya.

Kusan wata uku ke nan ban san kaina ba. In yi barcin awa tara in tashi kamar wadda ta kwana dakon kaya. Benen gidan nan hawa biyu ne kacal, amma kafin in kai sama zuciyata tana dukan tara-tara, sai na dafa bango. In miƙe daga zaune, jiri. In buɗe littafi, layi ɗaya in karanta shi sau huɗu bai shiga ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, sai na tsinci kaina ina tauna ƙanƙarar firji, cikin wannan sanyin fa, kuma ina jin daɗinta.

Duk wannan ban kira shi ciwo ba. Na ce son jiki ne. Na yi ta yi wa kaina faɗa: ke da kika tsallako teku neman ilimi, wasu suna haɗa karatu da aiki da goyo, ke daga ke sai jakarki kina kukan gajiya? Da wannan faɗan nake tashi kowace safiya, da shi nake kwanciya.

Sai kuma hali ya canza, wannan shi ne ya fi yi mini ciwo. Ni ba mai saurin fushi ba ce, waɗanda suka san ni sun sani. Amma sai ga shi kofi ɗaya da aka bari ba a wanke ba ya isa in wuni ina cika ina batsewa. Akwai wata baiwar Allah da muke haya tare, ta girme ni nesa ba kusa ba, Anti nake ce mata. Rannan ta ɗan matsar mini da tukunya daga kan murhu don ta ɗora tata, na ɗaga mata murya. Ta tsaya ta dube ni, ba ta rama ba. Ta ce, "Ƙanwata, wannan ba ke ba ce. Ja fatar idonki in gani." Na ja. Ta ce, "Fari fat. Gobe ki kira likita, kada ki sa in kira miki." Na ce, "Anti, gajiya ce kawai." Ta ce, "Na ji. Ki je su faɗa miki gajiya ce."

Sai da na ƙara sati ban kira ba. Abin da ya tura ni shi ne wata safiya na rugo tasha, direban bas yana kallona ya rufe ƙofa ya ja. Wata motar tana zuwa bayan minti goma, ba wani abin tashin hankali ba ne. Amma sai ga ni tsaye cikin yayyafi ina kuka wiwi kamar an aiko mini da mutuwa. A nan na yarda jiki magayi ne, ya daɗe yana magana ni ce na toshe kunne.

Alhamdu lillahi, an ɗauka. Sun ba ni sha ɗaya saura kwata. Bari in dafa ruwa a buta in yi wanka irin na dabara, sai mu haɗu a hanya.

To jama'a, ga ni na fito daga wajen likita. Na samu benci na zauna don ƙafafuna rawa suke yi, wannan karon ba don ciwo ba. Sakamako ya nuna abu biyu. Na farko ƙarancin jini, irin wanda rashin sinadarin ƙarfe a jiki ke kawowa. Likitar ta yi mini bayani dalla-dalla: da wannan sinadarin jiki yake ƙera abin da ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta kowace gaɓa. Idan ya yi ƙasa, zuciya sai ta ninka aiki, shi ne bugun da nake ji a bene. Ga macen da ba ta da ciki, idan awon ya gaza giram 120 a kowace lita ta jini an shiga ƙarancin jini, nawa kuwa ya sauka ƙasa da haka sosai. Ta tambaye ni yadda al'adata take zuwa, don zubar jini mai yawa kowane wata yana cikin manyan dalilai a wajen mata. 'Yan uwana mata, wannan tambayar ba ta jin kunya ba ce, ku amsa ta tsakani da Allah. Da na ambaci ƙanƙara sai ta yi murmushi, ta ce alama ce da suka sani sarai.

Na biyu bitamin D. Fatarmu tana samar da shi ne idan rana ta taɓa ta, ranar ƙasar nan kuwa daga Oktoba zuwa Maris ba ta da ƙarfin yin wannan aikin. Shi ya sa hukumomin lafiya na nan suke ba kowa shawarar shan maikirogiram 10 a kullum a watannin sanyi, mu masu duhun fata da masu rufe jiki kuma shekara zagaye. Shekara guda da wata uku ina garin nan, ban taɓa sa ko ƙwaya ɗaya a bakina ba.

Kun san abin da na ji da ta gama magana? Sauƙi. Wallahi kamar an sauke mini dutse. Ashe ba lalaci ba ne, ashe ba mugun hali na koya ba. Abu ne mai suna, mai magani.

Sai kuma maganar kuɗi ta taso, don ita ba ta taɓa bari mutum ya gama murna. Mutane da yawa suna ɗauka komai na lafiya kyauta ne a nan. Ganin likita ba a karɓar ko kwabo a ƙofa, gaskiya ne, amma mu baƙi mun riga mun biya tun wajen neman biza: ɗalibi fam 776 a kowace shekara, a dunƙule, tun kafin ka taka jirgi. Sannan a Ingila kowane magani ɗaya da likita ya rubuta fam 9.90 ne. A Sikotilan da Wels ba a biya, amma ni ba can nake ba. Masu ciwon sukari da ke shan magani an ɗauke musu, masu asma ba a ɗauke mana ba. Takardata yau abu uku ne, maganin jini da abin shaƙa kala biyu, fam 29.70 ke nan. Ga shi dokar bizar ɗalibi ba ta yarda in yi aiki fiye da awa 20 a mako ba lokacin karatu, aikin nawa kuma irin wanda in ba a kira ka ba babu ko sisi.

Wani asirin kuma da zan tona: abin shaƙan da ake so in yi amfani da shi kullum safe da dare don rigakafi, na daɗe ina tsallake kwana don ya daɗe bai ƙare ba. Sai ƙirji ya riƙe in ɗauko na gaggawa. Kada wanda ya kwaikwaye ni. Likita ba ta yi mini da sauƙi ba a kan wannan, kuma ta yi daidai.

A kantin magani ina tsaye ina lissafi da yatsu, sai mai ba da maganin ya lura. Ya tambaye ni ko kowane wata nake karɓa. Na ce e. Ya ce to me ya hana ni sayen takardar biya tun gaba? Na ce wace takarda? Ashe akwai tsarin da za ka biya fam 32.05 na wata uku, ko fam 114.50 na shekara, duk maganin da aka rubuta maka a tsawon lokacin ka karɓa ba ƙari. Ta shekarar ma ana iya rarraba ta kashi goma, fam 11.45 a wata. Ku yi lissafin da kanku: wanda yake karɓar magani goma sha biyu a shekara ya riga ya ci riba. Ni da nake karɓar biyu zuwa uku a wata fa? Na tsaya ina tuna kuɗin da na zubar da kwanakin da na kwana ina tari don tsimi, na rasa dariya zan yi ko kuka. A tsaye a wurin na cike ta a waya.

Ya ƙara mini da wasu bayanai. Kada in kora maganin jinin da shayi ko madara, suna hana shi shiga jiki yadda ya kamata, in ba da tazara, ruwan lemo kuwa yana taimaka masa. Ni da kofin shayi ba ya barin hannuna tun da sanyi ya shigo! Ya ce bayan gida zai yi baƙi, ciki ma yana iya ɗaurewa, kada in tsorata in daina. Kuma ko na ji ƙarfi ya dawo in ci gaba da sha har sai likita ta ce ya isa, don bayan jini ya daidaita akan ƙara wajen wata uku kafin ma'ajiyar jiki ta cika. Bitamin D kuma na ɗauki mafi araha a kan kanta, tun da abin da ke ciki ɗaya ne, kwalin ne kawai ya fi wani ƙyalli.

Na dawo gida, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, fitilun titi har sun kama. Umma ta kira ina cire takalmi. "Ya na ji muryarki haka?" Na ce, "Lafiya lau, Umma, sanyi ne." Shiru ta yi, irin shirun nan nasu. Na saba ɓoye mata komai, ina ganin me zai ƙara mata in ban da tunani, tana can ina nan. Yau dai na faɗa mata. Ta ce, "Shi ne kika yi ta fama ke kaɗai? Allah ya ba ki lafiya, ki sha maganinki, ki ci abinci." Ta yi ta addu'a ina amin. Na kuma yi ƙarfin halin ce mata ɗan abin da na saba turowa wannan watan ba zai samu ba. Kwana huɗu ina juya yadda zan furta wannan maganar. Ta ce, "Wa ya tambaye ki?"

Ga littafin lissafina, bari in nuna muku shafin watan nan. Da can haya ce a sama, sai kuɗin mota, sai abinci, wuta da magani suna can ƙasa suna jiran abin da ya rage. Yanzu na ja layi na sake jeri. Magani ya hau kusa da haya. Ɗumama ɗaki ya biyo baya, don shawarar masana lafiya a nan ita ce kada ɗakin mai ciwon ƙirji ya gaza digiri 18. Abin da ya sauka ƙasa shi ne gahawar da nake saya a hanyar makaranta da wani rajistan kallon fina-finai da nake biya duk wata ban ma tuna da shi ba. Ko da haka lissafin bai cike ba, akwai giɓi, ban kuma san ta inda zan toshe shi ba tukuna. Zan tambaya a wajen aiki ko za a ƙara mini awoyi idan an yi hutun ƙarshen shekara, tun da lokacin hutu doka ta yarda.

Anti ta ƙwanƙwasa ɗazu ta miƙo mini ƙaramar hitarta ta lantarki da robar ruwan zafi. Na ba ta haƙuri a kan maganar tukunya, ta ce ita ta manta ma an yi. Na goge funfunar, na janye durowa daga jikin bango, na ɗauki hoton wurin na tura wa mai gida tare da saƙo na huɗu. Yanzun nan ya amsa, wai mai gyara zai zo Alhamis tsakanin takwas na safe da shida na yamma. Ranar ina da lacca ƙarfe goma. Bari in je in roƙi Anti ko za ta zauna ta buɗe masa ƙofa. Sai da safenku.