Tankin Mai a Cikin Fiffiken Ƙaramin Jirgin Sama

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da ƴan'uwa makanikai da masu walda da suka rufe garejinsu suka zo, ina yi muku barka da yamma. Tun da na fara magana a nan Damagaram kan jirgin da mutum ke haɗawa da hannunsa, tambayar da ta fi yawa ita ce ta inji, ba a cika tambayar tanki ba. Ana ɗaukarsa akwati ne kawai da ba ya yoyo. Ni kuwa a ganina riƙe mai shi ne ƙaramin aikin tanki; babban aikinsa shi ne ya miƙa wa inji man nan ba yankewa, ko jirgi ya ɗaga hanci, ko ya karkata, ko yana jijjiga cikin iskar azahar.

Bari mu fara da lissafi. Injin Rotax 912, wanda ya yi yawa a irin waɗannan jirage, yana shan kimanin lita 15 zuwa 18 a awa. Tafiyar awa huɗu da ajiyar ko-ta-kwana ta rabin awa za ta ci wajen lita 81, sai mu ce lita 90, wato 45 a kowane fiffike. Litar esansi tana da nauyin kilo 0.72, saboda haka man nan kilo 65 ne, nauyin mutum guda. Ana kai shi fiffike ne domin a nisanta wuta daga matuƙi, kuma domin nauyinsa yana rage lanƙwasar da iska ke yi wa fiffike sama. Sai dai dole ya zauna kusa da cibiyar nauyin jirgi, don kada hanci ya yi nauyi ko wutsiya yayin da mai ke raguwa. Kuma duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san abin da ke faruwa idan aka kwashe gefe ɗaya aka bar ɗaya.

Wasu suna walda tankin aluminiyom daban su zura shi cikin fiffike. Wasu kuma, kamar a jiragen RV na kamfanin Van's da ke Amurka, suna mayar da gaban fiffiken kansa tanki, su toshe kowace gaɓa da kowace ƙusa da danƙon polisulfid. Hanya ta biyu ta fi rashin nauyi, amma ga mai farawa na fi son ta farko, domin tankin da ake iya cirewa ana iya gyara shi a kan tebur.

Ku dubi wannan kwalbar da na cika rabi da ruwa. Da na karkata ta, kun ga ruwan ya gudu gefe ɗaya ya bar gindin nan a bushe. In da bakin tiyon mai yana nan, iska inji zai zuƙa. Shi ya sa ake raba cikin tanki da haƙarƙari, wato ƴan bangaye, masu ƙananan huda a ƙasa don mai ya wuce sannu, da huda a sama don iska ta wuce. A haƙarƙarin da ke kusa da jikin jirgi ana sa ɗan marfi mai buɗewa ta gefe guda, mai ya shiga amma bai fita. Duk da haka akwai ragowar da ba ta taɓa isa inji, kuma ba a sa ta cikin lissafin tafiya.

Yanzu ga abin da na fi so ku tafi da shi, wato numfashin tanki. Gwangwanin madara wuri biyu ake huda shi, domin in iska ba ta shiga ba madara ba ta zuba. Tanki ma haka yake: kowace lita da ta fita, iska ce ke maye gurbinta ta wani siririn bututu. In ya toshe, mai zai tsaya, ko famfo ya yi ta zuƙa har tankin ya lotsa. Mai toshe shi kuwa sananne ne a gidajenmu, zanzaro, wanda ba ya ganin rami ya ƙyale shi ba laka. A sa rariya a bakin bututun, a kuma duba shi kafin kowane tashi. Ga zafi kuma. Esansi yana ƙaruwa da kimanin kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri, to wanda ya cika lita 45 da sanyin asuba ya bar jirgi cikin ranar watan Afrilu, in man ya ƙara digiri 20, kusan lita guda ce za ta nemi mafita. Dalilin ke nan da tsofaffin ƙa'idojin ƙirar ƙananan jirage na Amurka suka nemi a bar sarari aƙalla kashi 2 cikin ɗari na girman tanki.

Ruwa ya fi esansi nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya. A wuri mafi zurfi a sa ɗan magudani, a tsiyayi kaɗan cikin kofin gilashi a ɗaga shi ga haske. Ruwan zai fito kamar ƙwallaye a gindi. Bakin tiyon inji ya kasance sama da wannan wuri kaɗan. A lokacin hunturu kuma, da iska ke bushewa, zuba mai daga bidon roba na iya haifar da tartsatsi, sai a haɗa jirgi da mazurari da ƙasa da waya.

Makullin da ke zaɓar tankin dama ko na hagu ya zama a gaban ido, inda hannu ke kai ba juyawa. A watan Oktoba na 1997 mawaƙin Amurka John Denver ya rasu a gaɓar Kaliforniya cikin jirgi ƙirar gida samfurin Long-EZ, wanda maginin farko ya kai makullinsa bayan kafaɗar hagu ta matuƙi, kuma masu bincike sun lissafa wannan cikin musabbabin haɗarin.

Saura gwaji. Don Allah kada kowa ya ɗora kwamfaresar faci a kan tanki, domin za ta kumbura shi. A toshe ƙofofi, a haɗa tiyo mai ruwa wanda ake ganin cikinsa, a hura iska sannu har ruwan ya hau kamar santimita 70, sannan a bi kowace gaɓa da ruwan sabulu ana neman kumfa. Bayan haka a ɗaga hancin jirgi kamar yana hawa, da mai kaɗan a ciki, a cire tiyo daga inji a auna da agogo da bido. In gangarowa man ke yi da kansa daga fiffiken da ke saman jikin jirgi, ya ba da kashi 150 cikin ɗari na abin da inji ke sha lokacin tashi. In famfo ke turo shi, kashi 125.