Amsoshin Tambayoyinku: Neman Sawun Fadan Ƙauye a Faransa

Jama'a barkanmu da warhaka. Wasiƙar yau daga wata 'yar Damagaram ce da ke aure a Lyon, ta ce surukarta kullum sai ta yi zancen wani fada, wato limamin cocin Katolika, a danginsu da ya riƙe cocin wani ƙauye tun zamanin kaka da kakanni, to ta ina za su fara nemansa?

To malama, fadan Katolika dai ba ya aure, don haka kar ku ɓata lokaci wajen neman 'ya'yansa, a kawu ko baffa za ku same shi. Kuma kun yi sa'a wallahi, don a da limaman coci ne masu riƙe alƙalamin ƙauye. Tun 1539 Sarki Faransuwa na Ɗaya ya wajabta wa limaman coci rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, a 1579 aka ƙara da aure da jana'iza, haka aka yi ta tafiya har 1792 da aikin ya koma ofishin magajin gari. Littattafan nan suna ma'ajiyar tarihi ta kowace jiha, wato archives départementales, kuma yawancinsu an ɗora su a intanet kyauta. Ki buɗe na ƙauyen ki riƙa duba ƙasan kowane rubutu, sa hannunsa na nan, ki lura da shekarar da ya fara bayyana da wadda wani hannun ya karɓa, kin ga kin san zamansa ke nan.

Ni takardar da na fi so ita ce titre clérical. Kafin a naɗa yaro fada sai iyayensa sun je gaban notaire, wato jami'in da ke rubuta yarjejeniya bisa doka, sun yi alƙawarin abin da zai riƙa ci da shi duk shekara, to a nan za ki ga sunan uba da na uwa, wani lokacin har da gonar da aka jingina dominsa.

In kuwa hannunsa ya ɓace kwatsam wajen 1791 ko 1792, kar ki ce rasuwa ya yi. Lokacin juyin juya hali ne, an ce limaman coci su yi rantsuwar biyayya ga sabon tsari, da yawa suka ƙi suka tsere Ingila ko Sifaniya, wasu kuma daga baya suka ajiye aikin har suka yi aure.

In bayan 1801 ya yi aiki abin ya fi sauƙi ma, gwamnati ce ke biyansu albashi har 1905, ki nemi rukunin V, wato na takardun harkokin addini, a ma'ajiyar jihar, sannan ki rubuta wa ofishin bishop, wato shugaban limaman cocin yankin, da sunansa da sunan ƙauyen.